Ƙafa Ce Ke Yawon Buɗe Ido: Kira Ga Masu Fita Ƙasashen Waje A Lokacin Zafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da dukkan ma'aikatanka, ina neman alfarmar ɗan fili a shafin wasiƙu domin in ja hankalin 'yan'uwana masu karatu a kan wani al'amari wanda da yawa za su ga bai kai a ɓata tawada a kansa ba, alhali kuwa na sha ganin ya lalata tafiyar da aka kashe miliyoyin naira a kanta, kuma ni kaina ya taɓa lalata mini tawa. Al'amarin shi ne irin tufafi da takalman da mutanenmu ke zubawa a akwati idan za su fita ƙasashen waje yawon buɗe ido ko ziyara a lokacin zafin can, wato daga watan Yuni zuwa Agusta, wanda ƙarshensa ke haɗuwa da dogon hutun makarantunmu, lokacin da magidanta masu hali ke kwashe iyali zuwa Istanbul ko Alƙahira ko Dubai ko Landan, wasu kuma su haɗa da Umara.

Zan fara da abin da ya same ni, domin kada a ce ina wa'azi da abin da ban ɗanɗana ba. A shekarun baya na je Istanbul cikin watan Yuli tare da maiɗakina, da niyyar mu yi kwana 7. Ana saura kwana uku tafiya na shiga kasuwa na sayi takalmi sau-ciki na fata, baƙi wuluk, mai sheƙi, mai ɗan tsini a gaba. Ina zaune a kan benci na zura ƙafa, mai shago ya shimfiɗa mini kwali don kada ƙasan takalmin ya ɓaci, na taka sau biyu a kan kwalin na ce ya yi daidai. Na kuma karɓo shaddodi uku daga wurin tela, waɗanda suka sha sitaci da guga har suna neman tsayuwa da kansu, domin a raina ba zan je ƙasar mutane a raina ni ba. Washegarin isarmu muka fita da hantsi zuwa masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, muka tsallaka Ayasofiya, wadda a lokacin gidan tarihi ce kafin a mayar da ita masallaci a 2020, muka bi dogon layi a fadar Topkapi don ganin ɗakin da aka adana kayan tarihin Manzon Allah (SAW), daga nan muka faɗa babbar kasuwar nan mai rufi wadda ke da layuka fiye da 60 da shaguna wajen 4,000, muka gangara bakin ruwa, muka haye gadar Galata inda masu fatsa ke jere, sannan muka kama hawan tudun da ke kai mutum hasumiyar Galata. Duk wannan a ƙafa muka yi shi, kuma mafi yawansa a kan daɓen duwatsu ne, ba kwalta ba. Kafin la'asar diddigena na dama ya yi bororo, kafin magariba bororon ya fashe, da muka koma masauki kuwa sai da maiɗakina ta jiƙa safar da ruwan ɗumi kafin ta rabu da ciwon. Shaddar da nake taƙama da ita ta jiƙe sharkaf tun azahar, sitacin ya narke ya manne mini a baya, wuyan rigar ya goge mini fata. Kwana biyu cur na yi a ɗaki ina leƙen jiragen ruwa ta taga. Duk wanda ya haɗa kuɗin biza da na jirgi da na masauki ya raba bakwai, ya ɗauki kashi biyu, zai san nawa wannan takalmi ya ci mini, ban da kambas ɗin da dole ta sa na saya a can da tsada.

Da na natsu na yi tunani, sai na gane cewa laifin ba na mai shago ba ne, ba kuma na takalmin ba ne, domin takalmin ya yi aikin da aka yi shi dominsa. Mu a nan gida, musamman mazauna birni masu abin hannunsu, waɗanda su ne ke irin wannan tafiya, mun daɗe da barin doguwar tafiyar ƙasa. Daga ƙofar gida mutum zai shiga mota ko adaidaita-sahu, a sauke shi a ƙofar ofis ko kasuwa ko wurin ɗaurin aure, kuma a yini guda yakan cire takalmi sau goma, a ƙofar masallaci da zaure da gaban manya. Saboda haka takalmin da muke ƙauna shi ne mai kyan gani mai saurin cirewa, irin su fade da silifas na fata da sau-ciki marar igiya. Yawon buɗe ido kuwa sunansa ke nan, yawo ne, kuma ƙafa ce ke yin sa. Tsofaffin biranen da ake zuwa gani an gina su ne tun kafin a ƙirƙiro mota, lungunansu matsattsu ne, da yawa ma an hana ababen hawa shiga, tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma cike suke da matakala, musamman na Faris. Mai son hawa ƙubbar cocin Santa Bitrus a Batikan da ƙafa sai ya taka matakala 551, mai son kai wa hawa na biyu na hasumiyar Ifel ba tare da na'urar ɗagawa ba sai ya taka 674, wanda kuma ya shiga cikin babban dalar Giza a Masar zai yi tafiya a sunkuye cikin matsattsiyar hanya mai hawa, cikin zafi da ƙarancin iska. Ba abin mamaki ba ne mai ziyara ya yi kilomita 10 ko 15 a yini bai sani ba, kuma ya maimaita haka kwana biyar a jere.

Don haka shawarata ta farko, wadda in an ɗauke ta kaɗai ma wasiƙar nan ta biya, ita ce kada kowa ya tafi da sabon takalmi. A saye shi tun ana saura mako uku ko wata guda, a riƙa sa shi ana zagaya unguwa bayan sallar asuba ko da yamma, har ya saba da ƙafa, ƙafa ta saba da shi, duk inda zai ci mutum ya ci shi tun yana gida inda akwai canji. A je sayensa da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan an yini a tsaye, kuma takan ƙara kumbura a zafi da kuma bayan doguwar zama a jirgi, shi ya sa takalmin da ya yi cif-cif da safe a shago yakan zama ƙangi a can. A gwada shi da irin safar da za a sa shi da ita, a tsaye ba a zaune ba, a bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi, a kuma tabbata diddige ba ya zamewa sama da ƙasa idan ana tafiya, domin wannan gogayyar ce ke haifar da bororo. Ƙasansa ya kasance na roba mai kauri da zane-zanen da ke kama ƙasa, saboda daɓen duwatsu da marmara da ƙafafun miliyoyin mutane suka goge santsi gare su, balle an ɗan yi yayyafi. Wanda kuɗinsa bai kai na sabo mai kyau ba, kada ya ji kunyar shiga Ƙofar Wambai ya zaɓi na gwanjo, domin sau da yawa ya riga ya yi laushi, sai dai ya lanƙwasa shi da hannu ya duba ko gam ɗin ƙasan ya fara saki, kada ya buɗe baki a tsakiyar titi. In da hali a tafi da ƙafa biyu, kambas ɗaya da sandal mai maɗauri a diddige ɗaya, a riƙa musanyawa, domin wanda aka yini da shi ya samu ya bushe, kuma wurin da ɗaya ya matsa ɗayan ya hutar da shi.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, domin ni ma na faɗe shi: yaya mutum da girmansa da furfurarsa zai sa kaftani da kambas kamar ɗan makaranta? Amsata ita ce yanzu akwai kambas baƙi ko ruwan ƙasa marar ado, wanda in wando ya sauka a kansa ba mai bambanta shi da sau-ciki sai wanda ya sunkuya. Kuma ban ga mutuncin da ya saura ga dattijon da ke ɗingishi a bayan iyalinsa yana riƙe da takalmi ɗaya a hannu ba, kamar yadda aka gan ni a kan tudun Galata.

Akwai wani abu da ya shafe mu Musulmi musamman, wanda littattafan jagoran matafiya na Turawa ba za su faɗa mana ba. Mu masu alwala ne sau da yawa a yini, kuma ƙafar da aka mayar cikin safa da danshinta ita ce ta fi saurin yin bororo, ita ce kuma ke kamuwa da ƙaiƙayin tsakanin yatsu. Ƙaramin tawul ko hankici na musamman don tsane ƙafa, da safa ta biyu a cikin jaka, da 'yar filasta da za a manna tun wuri ya fara zafi kafin ya tashi, ba su da nauyi ko kaɗan. Haka kuma 'yar jakar zuba takalmi. A wasu manyan masallatan Istanbul akan ba mai ziyara leda ya zuba takalminsa ya shiga da shi, amma ba ko'ina ake yin haka ba, kuma sau da yawa ƙofar da aka shiga ba ita ce ake fita ta cikinta ba. Wannan batu ya fi tsanani a Makka da Madina. Farin marmaran da ke filin ɗawafi na musamman ne, daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka aka kawo shi, ba ya ɗaukar zafi ko da tsakar rana, shi ya sa mutum kan manta da irin ranar da ake yi. Amma wanda ya fito ta wata ƙofa ya nemi silifas ɗinsa ya rasa, ya ce bari ya taka a haka zuwa masauki, kwaltar waje za ta saɓule masa tafin ƙafa cikin 'yan mintuna. Abin ya fi muni ga masu ciwon sukari, domin da yawansu jijiyoyin ƙafarsu sun yi rauni, ba za su ji ƙunar ba sai ta yi ɓarna, kuma ciwon ƙafar mai sukari ba ya saurin warkewa. Ba mu manta da aikin Hajjin 2024 ba, wanda ya faɗo a watan Yuni, lokacin da zafi a Makka ya haura digiri 51 a ma'aunin Salshiyos, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum fiye da 1,300. Allah Ya jiƙansu. Mai zuwa Umara a Yuli ko Agusta, wanda zai so ya je Uhudu ko ya hau dutsen da kogon Hira yake, cikin irin wannan yanayi zai shiga, kuma hawan dutsen nan ba aikin silifas ɗin wanka ba ne. Ko sa'ayi kaɗai, zuwa da dawowa bakwai tsakanin Safa da Marwa, ya kai wajen kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiya daga masauki.

Ga iyayenmu mata da ƙannenmu, ina roƙon su yi haƙuri su bar takalmi mai tsini a gida, ko su ɗauki guda don cin abincin dare. Tsininsa yana maƙalewa a tsakanin duwatsun daɓe irin na Rum da Istanbul, daga nan sai targaɗe. A Girka ma tun 2009 aka hana shiga wuraren tarihi irin su Akurofolis da shi, domin yana ƙwarzane duwatsun da suka shekara fiye da 2,000. A ɗaya gefen kuma, hukumar gandun Cinkwe Tere a gaɓar tekun Italiya ta hana bin hanyoyin duwatsunta da silifas tun 2019, da tarar da kan fara daga yuro 50 ta kai har 2,500, saboda yawan waɗanda ake zuwa cetowa bayan sun zame. Haka kuma doguwar abaya ko siket mai jan ƙasa, wanda a gidan biki ado ne, a kan matakala mai tafiya da lantarki haɗari ne, domin haƙoranta na kama bakin tufa. A sa tela ya rage tsawon ya tsaya daidai idon sawu, suturar ba ta ragu da komai ba. Maza masu babbar riga su ma su kula da hannuwanta a ƙofar jirgin ƙasa mai rufe kanta.

Idan aka koma kan tufafi, na lura mutanenmu sun kasu biyu, kuma kowane ɓangare da irin kuskurensa. Na farko su ne waɗanda a tunaninsu Turai ƙanƙara ce shekara duka, sai ka gan su a filin jirgi cikin Yuli da jibgegiyar rigar sanyi da safar hannu, sun cinye rabin kilo 23 ɗin da aka yarje wa akwati da kayan da ba za su taɓa ba. Na biyu su ne masu cewa wanda ya sha ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, wane zafi ne zai ba shi tsoro a ƙasar Turawa? Duka biyun suna bukatar gyara. Da farko dai lokutan ba ɗaya ba ne: abin da muke kira bazara a nan yana kamawa daga Maris zuwa Mayu, nasu zafin kuwa yana zuwa ne lokacin da mu muke tsakiyar damina, wanda kuma ya nufi Afirka ta Kudu a watannin nan hunturu zai tarar, domin su a kudancin duniya suke, Kef Tawun ma lokacin ne take sanyi da ruwan sama. Sannan zafin Turai na yanzu ba abin rainawa ba ne. A watan Agustan 2021 an auna digiri 48.8 a tsibirin Sisili na Italiya, a ranar 19 ga Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a Birtaniya karon farko a tarihin aune-aunensu, a Yulin 2023 kuma sai da hukumomin Girka suka riƙa rufe Akurofolis da tsakar rana saboda masu ziyara na galabaita. Wanda zai je Kurɗuba da Garnaɗa a kudancin Sifen don ganin abin da Musulmin Andalus suka bari, digiri 40 ba baƙo ba ne a can. Ƙari a kan haka, mafi yawan gidajen Ingila ba su da na'urar sanyaya ɗaki, an gina su ne don su riƙe ɗumi, kuma ranar tana daɗewa ba ta faɗi ba, domin a Landan cikin Yuni sai bayan ƙarfe 9 na dare ake magariba.

Amma babban abin da ɗan Sakkwaton nan ya manta shi ne, a gida ba ya yawo a cikin ranar da yake alfahari da ita. Da azahar ta yi yana ƙarƙashin rumfa ko darbejiya, sai la'asar sakaliya ya fito. Mai yawon buɗe ido kuwa a daidai wannan lokaci yake tsaye a layin tikiti a fili fetal, domin ya biya kuɗi kuma kwanakinsa ƙidayayyu ne. Na biyu, zafinmu na bazara busasshe ne, gumi na fita iska na shanye shi, kuma wannan bushewar gumin ita ce ke sanyaya jiki. A Istanbul da Jidda da Dubai kuwa, da yake a bakin teku suke, iskar da kanta cike take da laima, gumi ba ya bushewa, sai ya kwanta a jiki, shi ya sa digiri 32 a can kan fi digiri 40 na Kano galabaitarwa. A irin wannan yanayi yadin da mutum ya sa shi ne zai cece shi ko ya dafa shi. Yadi mai roba, wanda ya cika kasuwa yanzu saboda arha da rashin bukatar guga, musamman a abayoyi da hijabai da jallabiyoyi, ba ya barin iska ta ratsa, yana riƙe gumi da wari, kuma yana kawo ƙurajen zafi. Shadda mai nauyi da ta sha sitaci ita ma, ko da asalinta auduga ce, saƙarta a matse take kuma sitacin ya toshe 'yan kafofin da suka rage. Abin da ya dace shi ne auduga marar nauyi, ko lilin, ko boyel, ko atamfa ta auduga zalla da aka wanke sau biyu ta saki. Wanda ya shiga Kantin Kwari ya ɗaga yadin ya duba shi a haske, ya kuma hura iska ta cikinsa da bakinsa ya ji ko ta isa tafin hannunsa. In ba ta isa ba, to iskar Allah ma ba za ta isa jikinsa ba.

A nan ne nake so in yi wa matasanmu magana, waɗanda da zarar sun sami biza sai su ajiye kaftani su sayi matsattsen wandon jins da 'yar riga mai kama jiki, wai su saje da mutanen gari. A ganina sun bar mai kyau sun ɗauki maras kyau, domin babu tufar da ta fi jins mai kauri wahalarwa a zafi mai laima, ba ya shan iska, in ya jiƙe kuma ba ya bushewa da wuri, ga goge cinya. Ɗinkinmu na gargajiya, mai yalwa, mai rufe jiki, mai barin iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta wuya, an yi shi ne don rana tun asali. Har masana sun taɓa bincikar wannan: a 1980 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa wani nazari a kan dalilin da ya sa Larabawan ƙauye na hamadar Sina'i ke sa baƙaƙen riguna, aka gano cewa zafin da ke isa fatar mai baƙar riga mai yalwa bai fi na mai fara ba, domin iskar da ke zagayawa tsakanin riga da jiki tana kwashe ƙarin zafin. Wannan ya nuna yalwar tufa ta fi launinta muhimmanci, ko da yake a yadi marar kauri fari da launuka masu haske sun fi sauƙi. Abin da kawai za a roƙi tela shi ne ya rage aiki a ƙirji, kada ya sa shafi, domin zaren aiki da shafin da ke bayansa kamar bargo ne a kan ƙirji. A kuma ba shi ɗinkin da wuri, kada a haɗa shi da ɗinkin Sallah. Wata bukata da za a gaya masa ita ce aljihu. Aljihun gefe na kaftani a buɗe yake, kuma masu yankan aljihu na jiragen ƙasan Faris da Rum da Basalona ƙwararru ne a sana'arsu. Aljihun ƙirji kuma da mutum ya sunkuya alwala wayarsa ta faɗa ruwa. Aljihu mai zif daga cikin wando, wanda zai ɗauki fasfo da kuɗi, aikin minti goma ne a wurin tela.

Hularmu kuwa, duk da ƙaunar da nake yi mata, dole in faɗi gaskiya: zanna-bukar da kube ado ne, ba sa kare fuska ko ƙeya daga rana, sai ma su tara gumi su ɓaci. Kakanninmu fatake da suka yi ta ratsa daji zuwa Gwanja, da makiyaya da manoma har yau, malfa suke sawa, kuma sun fi mu sanin rana. Wanda ke jin nauyin malfa ya sa hana-sallah, ko ya riƙe laima mai naɗewa, wadda za ta yi masa aiki biyu, tun da ruwan Landan ba ya sallama kafin ya sauko. Baƙar fata ma rana na ƙona ta, musamman ta yara, don haka man kariya daga rana da tabarau ba ƙyale-ƙyalen Turawa ba ne. Ga mata, gyale ko hijabi na auduga marar nauyi, mai ɗan haske, ya fi baƙi mai roba mai ninki biyu nesa ba kusa ba.

Duk da haka kada a tafi ba rigar sanyi ko ɗaya. Cikin jirgin sama akwai sanyi, manyan kantunan Dubai kamar firji suke alhali waje na tafasa, iskar yamma a kan jirgin ruwan Bosforas, mashigin tekun da ya ratsa Istanbul, tana ratsa boyel, safiyar Ingila da Sikotilan kuma ko a Yuli takan sa mutum rawar ɗari. Suwaita guda marar nauyi da za a iya cusawa a jaka ta wadatar, kuma yara da tsofaffi su ne suka fi bukatarta.

Saura batun doka da al'ada, wanda ya kamata a bincika tun kafin a yanki tikiti. A wuraren ibada suturarmu riba ce gare mu. Ba a shiga cocin Santa Bitrus da kafaɗa ko gwiwa a buɗe, a masallacin Sultan Ahmad kuma na ga Turawa mata sun yi layi ana ba su aron mayafi da zane, maiɗakina ta wuce abinta ba wanda ya tsayar da ita. Amma mai sa niƙabi ta san cewa Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun Afrilun 2011, da tarar da kan kai yuro 150, Beljiyam ta bi sahu a shekarar, Ostiriya a 2017, Denmak a 2018, Suwizalan kuma dokarta ta fara aiki a Janairun 2025. Hijabin da bai rufe fuska ba ba ya cikin wannan hani a kan titi. Ba ina nan ne don in yi muhawara a kan adalcin waɗannan dokoki ko rashinsa ba, ra'ayina a kansu na wata wasiƙar ne; abin da nake cewa shi ne maigida ya san da su, ya zauna da iyalinsa su zaɓi ƙasar da za su je ido buɗe, maimakon ɗan sanda ya sanar da su a bakin titi cikin harshen da ba sa ji.

Ban ce kada a tafi da kayan ado ba. Mutum zai so ya je Juma'a a masallacin Azhar na Alƙahira ko na Sulaimaniyya a Istanbul cikin shiga ta mutunci, zai so hoton da zai nuna wa jikoki, kuma mai yiwuwa a gayyace shi cin abinci. Shadda ɗaya mai kyau da hularta sun isa wannan. Sauran kwanakin kaya huɗu marasa nauyi, waɗanda za a iya wankewa a bahon masauki da dare su bushe kafin safiya, sun fi akwati biyu na kayan da ke bukatar mai guga, ga shi kuma sun bar wurin tsaraba. A kuma sa kaya ɗaya da safa da magunguna a jakar hannu, saboda akwati kan yi lattin isowa, musamman in an canja jirgi a hanya.

Ina roƙonka, Malam Edita, da ka sa wakilanka su riƙa taɓo irin wannan batu idan lokacin hutu ya gabato, ina kuma kira ga kamfanonin shirya tafiye-tafiye da malaman bita na Hajji da Umara da su ware ko da minti goma su yi wa matafiya bayanin takalmi da yadi, kamar yadda suke bayanin biza da canjin kuɗi, musamman ga tsofaffin da 'ya'yansu ke biya musu kuma su saya musu sabon takalmi a daren tafiya don a faranta musu. Shi kuwa wancan sau-ciki nawa yana nan har yau da sheƙinsa, ina sa shi zuwa ɗaurin aure, inda tafiyar ba ta wuce daga mota zuwa bakin tabarma.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, Ya kai matafiya lafiya Ya dawo da su lafiya.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano.